Tekun Ajiwa

Talata, 2 ga Maris, 1999

An gama zaɓe, kasuwar hoton 'yan takara ta faɗi warwas. Wata da watanni ina ɗaukar manyan mutane, suna gyara hula suna roƙo in rage musu tumbi. Yau ko ƙuda bai leƙo shagon ba. Na wuni ina kallon hoton tekun nan da ke bango, wanda na ɗauka a Legas da sassafe lokacin ina koyon aiki. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na bar idonta a buɗe ya daɗe, sai igiyoyin ruwan nan masu hauka suka fito sumul kamar sabon daɓe. Shi kaɗai na taɓa ɗauka don kaina. Sauran duk fasfo ne da suna da biki.

Asabar, 6 ga Maris

Siddiq, abokina na Legas, ya bugo waya gidan maƙwabcinmu Alhaji Gwadabe. Wai za a buɗe wata mujalla da zarar soja sun miƙa mulki, ana neman mai hoto. Ya nuna wa editan tekuna, ya ce in aiko da wasu irinsa kafin ƙarshen Mayu. "Ka fito daga ramin nan, Sagir," in ji shi. Ina zan samo teku a unguwarmu ta Ƙofar Marusa? Amma tun da na ajiye wayar zaune ta gagare ni. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 7 ga Maris

Na yi wa Baba wanka, kamar kullum tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara. Ko ya ƙara nauyi ne, ko ni ne hankalina ba ya wurin. Ina zaunar da shi a kujera ya ce, da bakinsa da ya karkace, "Shekaru nawa ina ce ma mutane kada su motsa, yau ga shi an ce mani." Ya yi dariya har da tari. Shi ya buɗe shagon nan da kyamarar akwati, mai baƙin ƙyalle. Na taya shi dariyar, amma raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Alhamis, 11 ga Maris

Dabara ta zo mini: madatsar ruwan Ajiwa, can bayan gari. In aka bar idon kyamara a buɗe, ruwa duk ruwa ne. In na sauke ta ƙasa-ƙasa kafin rana ta ɓullo, wancan ƙetaren zai zama layi baƙi kawai. Wa zai tantance?

Litinin, 15 ga Maris

Na tafi a Vespa, na yi asuba a bakin ruwa. Duk fim ɗin ya ƙone fari fat, haske ya yi yawa. Sai na nemo baƙin gilashin da ake ɗaura wa idon kyamara, yana can cikin tarkacen Baba.

Juma'a, 19 ga Maris

Banza. Iska ta girgiza ƙafafun kyamarar. Gobe da jakar yashi, in danne su.

Laraba, 24 ga Maris

Akwai wani Bafulatani, Hamman, mai kawo shanu shan ruwa daidai lokacin da nake buɗe kyamara. Yau ya tsaya da sandarsa a wuya yana kallona, ni kuma ina ta kai da komo. Ya ce, "Malam, me kake jira? Ruwan nan ba ya zuwa ko'ina." Kafin in amsa shanun suka ratsa ta gaban kyamarar, garke guda. Na yi masa faɗa sosai, har da abin da bai kamata ba. Ya bi shanunsa.

Da na wanke fim ɗin, babu saniya ko ɗaya. Ɗan hayaƙi-hayaƙi kawai a bakin ruwa. Na san haka abin yake, mai motsi ba ya fitowa in an daɗe, amma fushi ya mantar da ni. Kuma hoton ya yi. Wallahi kamar teku.

Talata, 30 ga Maris

Sallah ta wuce, shago ya cika da 'yan kwalliya. Na kai wa Hamman soyayyen nama da hoton, don in wanke kaina. Ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙo mini. "Hoton da ke ɓatar da shanu, ai ɓarawo ne." Naman dai ya karɓa.

Asabar, 10 ga Afrilu

Matata Ramla ta gane. Mace ba ta ganin mijinta yana fita da duhu yana dawowa da laka a ƙafa ta yi shiru har abada. Na faɗa mata komai, har na ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Ba ta yi dariya ba. Tana tsince shinkafa ta ce, "Ni ba ni hana ka. Zan dahwa mashi, in wanke mashi kaya, in ba shi magani. Amma surukina ne, Sagir. Wa za ya ɗauke shi ya kai shi makewayi? Wa za ya cuɗa mashi baya?" Na ce Sani, ɗan Inna Delu ƙanwar mahaifiyata. Ta ce, "Sanin da ke barci har hantsi?"

Na fita na bar tuwon. Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Zafi. Na zagaya gari har Ƙofar Sauri ba tare da dalili ba, na dawo.

Litinin, 3 ga Mayu

Hotuna huɗu sun yi, saura ɗaya mai kyau sosai. Siddiq ya sake bugowa, wai har ɗaki ya samo mini. Sani ya zo gwaji jiya. Ya sungumi Baba kamar buhun gero, Baba ya dai rufe ido. Da Sanin ya tafi ya ce, "Yaron shina da ƙarhi." Shi ke nan abin da ya ce.

Alhamis, 13 ga Mayu

Ina tsane wa Baba ƙafa ya ce, "Ka kai ni in ga ruwan nan da ke raba ka da barci." Na ce hanya ba kyau. Ya ce shi ma ba kyau gare shi ba, sai su daidaita. Alhaji Gwadabe ya ce zai kai mu a Fijonsa. Tun da ya faɗi zaɓen kansila lokaci ya yi masa yawa.

Asabar, 15 ga Mayu

Mun je. Na goya Baba daga mota zuwa bakin ruwa, na zaunar da shi a kujerar roba can gefen hagu, ya yi sallarsa a zaune. Gabas ta fara ja. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga shi ne tekun naka?" Na ce kamarsa dai. Ya ce, "Ashe dai ruwa ne."

Na daidaita komai, na ɗaura baƙin gilashi, sai ga shanun Hamman. Na ɗaga ƙafafun kyamarar na ja baya don kada su ture ta. In gilashin nan yana kai ba a ganin komai ta cikin kyamara, ga rana na shirin fitowa, sai kawai na buɗe na kulle. Daga nan ban zauna ba. Mayafin Baba ya zame, na je na gyara. Wani ɗan maraƙi ya nufo shi, na kora. Na koma wajen kyamara, na dawo, na sake komawa. Har ya ce, "Kai, ka zamna wuri guda mana, ka sa ni juwa."

A hanyar dawowa Alhaji na ta labarin waɗanda suka ci kuɗinsa suka zaɓi wani. Baba ya dafa ni da hannun mai lafiya. "Ramla ta hwaɗa mani. Ka tahi abinka. Ni ma na baro nawa uban a ƙauye na zo birni." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 16 ga Mayu

Na wanke fim ɗin. Da na ja baya jiya ashe Baba ya shigo cikin hoton.

Ruwan ya kwanta fari har ƙarshen duniya, rana na fitowa. Babu shanu, babu Hamman. Babu ni, duk da sintirin da na yi a gabansa da bayansa. Baba ne kawai a kujera, ya fito raɗau har zanen hularsa, shi kaɗai gaban ruwa. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyawun wannan ba, kuma tsoronsa nake ji. Na tsaya a ɗakin duhu har ruwan wankin ya huce a hannuna.

Talata, 18 ga Mayu

Na nuna masa. Ya kawo shi kusa da ido, irin duban mai sana'a. "Kai ina kake? Ai kana wurin." Na ce mai motsi ba ya fitowa, Baba. Ya ce, "Na sani, ni na koya maka." Ya ƙara dubawa. "Hoton ya yi. Ka aika da shi, shi za su so. Sai dai tsohon nan, kamar an mance shi."

Ramla tana bakin ƙofa. Ta juya ta koma madafi.

Litinin, 24 ga Mayu

Na sa biyar ɗin a ambulan, na rubuta adireshi. Gidan waya layi ya yi tsawo, na dawo.

Lahadi, 30 ga Mayu

Jiya soja suka miƙa mulki, rediyo na ta kiɗa, gari ya cika da hon. Sababbin shugabannin ƙananan hukumomi za su so hotunan bangon ofis, aiki ba zai yanke ba nan kusa. Ambulan yana cikin durowa. Ban ce na fasa ba, Legas ma ba ta zuwa ko'ina. Na dai sa kafinta ya yi wa Baba kujerar wanka mai hannu, daidai tsayin da bayana ba zai riƙa ciwo ba.

Yau mun koma Ajiwa, har da Ramla. Na nuna mata abin da za ta latsa, na je na tsugunna jikin kujerarsa. Baba ya gyara murya, irin tasa ta shago, ya ce, "Kada ka motsa." Sauro na cizon idon sawuna, gwiwata ta sage, na daure har rana ta fito.

Ban wanke fim ɗin ba tukuna. Ina jin dai na fito.