Turancin da Muka Yi Ta Kan Kande

Zuwa ga mahaifiyata, wadda na tashi ina kira Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ya kamaci ɗa ga wadda ta haife shi, ina roƙon Allah Ya sa sallamar nan ta iske ki cikin ni'ima a makwancinki. Na san ba ki karanta boko ba, na kuma san da kina raye ba za ki yarda in yi miki magana a bainar jama'a haka ba, da tuni kin ja mayafi kin shige ɗaki. Ki yi haƙuri da ni yau. Na tsufa, har na wuce shekarun da kika yi a duniya, kuma akwai godiyar da ban taɓa samun fuskar yi miki ba. Waɗanda za su karanta su zama shaidu.

Abin da ya tayar da zancen, jikata Hauwa ce ta zo mini da waya a hannu, tana haddar kalmomin Turanci da ma'anarsu. Ta tambaye ni wa ya fara koya mini. Na ce uwata. Sai ta kwashe da dariya, don duk zuri'armu an san ko ƙofar makaranta ba ki taɓa takawa ba. Na bar ta da dariyarta, amma maganar ta ƙi barina.

Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, sai na tsaya na yi musu bayani. Ni ne na fari a wurinki, saboda haka a al'adar zamaninku ba ki kiran sunana, ba ki kallona ido da ido, ba ki yi mini magana kai tsaye, balle ki yabe ni ko ki tsaya mini a gaban mutane. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, ita na sani a matsayin Inna. Sai da ta rasu aka dawo da ni Gumel, na tarar ƙannenki na ce miki Yaya, ni ma na bi sahu. Ke kuwa sunana a bakinki shi ne “wannan yaron.” In za ki aike ni sai ki dubi bango ki ce a ɗebo ruwa, ko a kai wa akuya dusa. A lokacin abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ina ganin yadda kike wasa da 'ya'yan maƙwabta, ni kuwa kamar baƙo a tsakar gidanmu.

A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin mai unguwa ya sa sunana cikin yaran da za a kai elementare. Lissafi bai ba ni wuya ba, karatun Hausa ma haka. Da muka kai ajin da ake fara Turanci sai kaina ya toshe. Malam zai rubuta kalma a allo, mu bi shi da waƙa har muryarmu ta dushe, kafin in isa gida komai ya zube a hanya. Kalmomin ba su da jiki a wurina, sauti ne kawai da ake dukanmu a kansa.

Kin tuna ranar da Malam Sani, malamin ajinmu, ya tsaya a zaure ya gaya wa Baba gaskiya. Ya ce za a zo daga Kano bayan kaka a zaɓi yaran da za su tafi makarantar midil, kuma yadda Turancina yake, ba ya jin zan kai labari. Baba da ma boko bai dame shi ba. Ya ce babu laifi, in aka gama cire gyaɗa sai in bi Kawu Ado zuwa Maigatari in riƙa kora masa jakan kanwa. Ba na raina sana'ar Kawu, da ita ya riƙe gidansa har ya mutu. Amma ni makaranta nake so, so irin wanda yaro ba ya iya faɗa. Na shigo gida na zauna a gindin rumbu ina hawaye. Kina tankaɗe a ƙofar madafa, kin ji duk abin da aka faɗa, kuma ba ki da bakin cewa komai. Uwa ta roƙi miji a kan ɗan fari? Da an yi shekara ana ba da labarinki a bakin rijiya.

Washegari da la'asar ina zaune da allona na makaranta, kina daka, Kande tana goye a bayanki. Kande ƙanwata a lokacin ko zama ba ta gama iyawa ba. Sai na ji kin waiwaya kina mata magana, da murya wadda ta fi ƙarfin kunnen jaririya:

“Kande, ko yaya Nasara ke ce wa ruwa?”

Na zaci wasa kike mata. Kika sake tambayarta. Sannan na gane inda aka dosa. Ni ma na dubi Kande na ce mata water. Kika juya kalmar a bakinki, kika ce “wota,” kika ci gaba da dakanki kamar ba a yi komai ba. Can an jima kika dubi bango kika ce a kawo wota. Na tashi da gudu na nufi randa.

Daga ranar Kande ta zama makarantarmu. Duk abin da hannunki ya taɓa sai kin tambaye ta sunansa, tukunya, wuta, gishiri, itace, tsintsiya. In na sani in gaya mata. In ban sani ba sai ki ce wa Kande, to gobe a tambayo. Ba ki karɓar kalma sai abin yana gabanmu, kuma ba ki barinta ta kwana ba a yi aike da ita ba. Kin riƙe su duka da ka, ke da ba ki da allo ba ki da alli. In kika ce a kawo faya, wato wuta, na kawo miki gishiri, sai ki yi tsaki ki ce wa Kande wasu mutane kunnensu na ado ne. Wannan tsakin ya fi bulalar Malam Sani shiga jikina.

Da sunayen kaya suka ƙare kika koma kan halinsu. Kika ajiye tulu biyu a tsakar gida, ɗaya cike ɗaya wofi, kika ce a ɗaga a gaya wa Kande yadda Nasara ke bambanta su. A nan na koyi full da empty, da heavy da light, da ƙashin bayana na koye su. Hot kuwa da yatsana na koye ta a bakin murhu, kuma har yau ba ta ɓace mini ba. Akuyarki mai taurin kai ita ta koya mana go da come, don kullum cikin korarta ake daga bakin turmi. Da kika ji yadda mutum ke cewa abu nasa ne, sai abin ya yi miki daɗi. Kika wuni kina nuna akuyarki da tukunyarki kina cewa “may got, may fot,” har maƙwabciyarmu Tabawa ta leƙo ta kan danga ta tambaya ko lafiya. Kika ce mata waƙar goyo kike wa Kande.

Malam Sani ya sha mamakina a kwanakin nan. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, ga shi kullum da safe yana tare shi da tambaya, yaya ake ce wa rariya, yaya ake ce wa guga. Allah Ya jiƙansa, bai taɓa korata ba. Ranar da na tambaye shi maburgi ya yi dariya ya ce Turawa ba su kaɗa miyar kuka, saboda haka bai san sun yi masa suna ba. Na kawo wa Kande wannan labari. Kika ce, “Ashe su ma akwai abin da ba su da shi.” Ranar na ga kina murmushi, ko da yake tukunya kike wa.

Akwai kalmomin littafi da babu su a gidanmu. Sai ga shi wata ranar kasuwar Maigatari kin ce wa Baba kanwarki ta ƙare, kuma ta Gumel ba ta yi miki ba, a tura yaron nan ya bi Kawu ya sayo. Na san kwandonki cike yake da kanwa. Na tafi, na ga raƙuma sun durƙusa da kaya, na ga babbar mota, da sikeli, da fatu a shanye, da mutanen Damagaram masu wani irin Turancin da ba namu ba. Na dawo da ƙafafu a kumbure da baki cike da tambayoyi. Sai da muka yi kwanaki ni da Malam Sani da Kande muna sauke kayan wannan tafiyar.

Wata rana kuma kika bi mutanen gida. Kika tambayi Kande yadda ake ce wa uba, da uwa, da ƙanwa. Sannan kika ce, to shi yaron Tabawa, me yake a wurin Tabawa? Na ce son. Wannan kalmar ba ki maimaita ta ba, ba ki yi aike da ita ba. Na ɗauka ta wuce ki ne.

Bayan kaka Baturen makaranta ya zo. Aka riƙa shigar da mu ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kaina. Ya nuna taga, ya nuna kujera, na faɗa. Sai ya jingina ya tambaye ni a hankali me uwata take yi da safe. Yaya, a nan ne na gan ki tsaye a ƙofar madafa da Kande a baya. Kalmomin suka riƙa zuwa bi da bi yadda kike ɗaukar kayanki, daga itace zuwa wuta, daga wuta zuwa tukunya, har akuyar sai da ta shigo. Jimlolina a karkace suke, na sani, amma ban tsaya ba sai da ya ɗaga hannu yana dariya ya ce ya isa.

Da sunana ya fito, Baba ya ce Allah Ya sa albarka, jakan Kawu sai su nemi wani. Ke kuwa kika ci gaba da aikinki a madafa. Amma ranar an yanka kazarki mai wake-wake, kika gaya wa Tabawa wai ta daina ƙwai ne. Ni na san ƙwanta na cikin ƙwarya a ƙarƙashin gado.

Ranar tafiya da hantsi motar gyaɗa za ta kai ni tashar Gagarawa, inda zan hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Baba da Kawu suna waje suna jirana. Na ɗauki akwatina na zo wucewa, sai na same ki a lungun da ke tsakanin danga da zaure, inda na waje ba ya gani, na ciki ba ya ji. Babu Kande a bayanki, kin kwantar da ita a ɗaki. Kika miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli da aya. Na durƙusa na karɓa ina jiran ki dubi bango ki ce a sauka lafiya. Ba ki dubi bango ba. Kika dube ni, ni kaina, kika ce:

“Go, kom, may san.”

Kika juya da sauri kika shige madafa.

Ban san yadda na isa Gagarawa ba. Na zauna a kan buhunan gyaɗa ina kuka, yaron mota yana ba ni haƙuri, yana cewa Kano ba nisa. Bai san daɗi ne ya yi mini yawa ba. Abin da Hausa ta hana ki faɗa tun ranar da kika haife ni, kin ajiye kalma kin ɓoye ta watanni, kin haɗa jimlarki da kanki, kin faɗa mini da harshen da kunya ba ta san hanyarsa ba. Ba ki sake faɗa ba har kika koma ga Allah, ni ma ban gaya wa kowa ba sai yau. Sau ɗayan nan ya ishe ni rayuwa.

Na yi aikin koyarwa shekaru masu yawa, a Gagarawa, da Sule Tankarkar, da Maigatari. Abokan aiki sun sha yi mini tsiya don ina shiga aji da ludayi da tulu da igiyar guga, har suna ce mini malamin madafa. Ban taɓa jin haushi ba, na san wurin wadda na yi gado. Duk yaron da ya riƙe kalma a ajina don ya taɓa abin da hannunsa, ladan naki ne. Kande tana nan Maigatari, ta yi jikoki, kuma ko wota ba ta sani ba. Kullum muka haɗu sai ta ce ita ce ɗalibar farko a gidanmu, aka ci amanarta aka ba wani takardar.

Na gode, Yaya. Na gode da kanwar da ba ta ƙare ba, da kazar da ba ta daina ƙwai ba, da tsakin da kika yi ta yi wa Kande saboda ni. Na gode da kika nemo hanya inda al'ada ba ta bar ƙofa ba, ba tare da kin karya ta ba.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haɗa ki da Baba da Inna da Malam Sani a Aljannar Firdausi. Kin ce in je in dawo, na je na dawo, na same ki, na kuma raka ki makwancinki da hannuna. Yanzu saura tafiyar da ni zan iske ki. Ina roƙon Allah in na iso, ki dube ni kamar ranar nan, ki kira ni da sunana ko sau ɗaya ne, da Hausa.

Wassalam.

Ni ne ɗanki na fari,
wannan yaron.