Ranar da Muka Share Layi

Zuwa ga angona Kunnuwa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata ka sauka lafiya, jirgi bai kaɗa maka hanji ba. Yaya uwarka da ƙafar nan tata? Ni dai ga ni, gwiwa na kuka ina yi mata waƙa.

Kai angon banza ne. Kamfaninku ya ba da aronku sati huɗu ku taya hukumar birninmu tsara tituna kyauta, ka tare a otal, ka leƙo matarka sau biyu, duk bayan an tashi daga sana'a. Na yafe, tunda ni na fitar da kai kunya.

Bari ka ji asiri, kada ka gaya wa uwarka: ban daina fita da teburina ba. Da ka ce Laraba za ku zo duba layinmu, sai na bi maƙwabta ɗaya-ɗaya, na ce jikana zai zo da manyan baƙi, kada a ce daga bola ya fito. Tela ya shige da kekensa, mai gyaran takalmi ya tura akwatinsa ƙarƙashin gado, na kwashe zare da maɓallaina. Mai kifi ce ta yi gardama, wai kifi ba ya jiran baƙo. Na ce warinta kaɗai ya isa ya mayar da ku filin jirgi. Muka share, muka yayyafa ruwa, muka laɓe bayan labule. Kuna ta ɗaukar hoto, doguwar abokiyar aikinka mai tabarau tana latsa allon na'urarta, kunnuwanka na gaba kana biye.

Ka gaida kowa. Ka ci abinci.

Uwargidanka, kakarka.

*

Kunnuwa,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Yau tsokanar kaɗan ce.

Shekaranjiya ma'aikata suka zo da jan fenti suka yi wa rumfunanmu alama. Za a faɗaɗa hanya. Kowane layi da kuka ƙirga masu sana'arsa, an ba su wuri a sabuwar kasuwa. Mu ba mu ciki.

Na je ofishin hukuma da mai kifi. Muka zauna kan benci daga safe har rana ta karkata. Magatakarda ya juyo mana da na'urarsa: ga layinmu nan fes, ko kaza babu, ƙasansa an rubuta babu mai sana'a. Na ce ɗana, shekara talatin da ɗaya ina wurin nan, mu goma sha bakwai ne, ɓuya muka yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce masana daga waje suka yi ƙirgen, shi wane ne da zai sa hannu a aikinsu?

A hanyar dawowa mai kifi ta yi gaba abinta ta bar ni a baya. Marayun ɗanta uku take ciyarwa da tiren nan. Da ma zagina ta yi.

Ku kuka rubuta, ku za ku iya gogewa. Ka sa manyanku su aiko wa hukuma takarda, ka ce wautar tsohuwa ce. Sati uku suka ba mu.

Kakarka.

*

Jikana,

Na samu wasiƙarka, na gode Allah da kuna lafiya. Na kuma ji bayaninka: an rufe shirin, an miƙa rahoto, doguwar ta bar kamfanin, manyanku sun ce ba sa tsoma baki a harkar hukuma, kai kuma ka aika saƙo uku ba amsa. Na yarda ka yi ƙoƙari. Ka daina kukan nan, ango ba ya kuka a gaban mata.

Mujallar kamfaninku ma ta iso a cikin ambulan ɗin. Kun yi kyau da rigunanku iri ɗaya. Ka duba taga ta biyu a bayanka, labulen ya ɗan ɗage. Idona ne.

Motar rusau ta zo ranar Litinin. Kafin ka ce kwabo ta gama. Tela ya koma ƙauyensu. Mai gyaran takalmi yana yawo da akwati a kai, tsoho da furfura. Mai kifi ta kafa tirenta bakin kwalta, jiya 'yan hukuma suka kifar mata a kwata. Na je taya ta tsincewa, ta janye tiren, ta ce in bari, kada in ɓata hannu, ni mai manyan baƙi.

Ka ce in taho wurinku in huta. A'a. Ina nan inda za su riƙa ganina. Ko harara ce, haƙƙinsu ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Na ji baɗi za a tura ku wani birnin. In kun isa layi kuka same shi fes, ba ɓawo, ba ƙuda, kada ka latsa komai. Ka ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai wata tsohuwar banza a bayan labule.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka mai tsintsiya.