Kada Ki Juyo da Kumbon Saboda Ni

Zuwa gare ki, hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar da ke sauka a kan zuciyata tun rana ba ta yi tunanin fitowa ba. Zuwa ga mai murmushin da ke jan rai kamar ruwan farkon damina, wanda in ya sauka sai ƙasa ta ɗauki ƙamshi. Ke ce inuwata in rana ta take, ke ce iskar da ke shigowa ta tagar shagona ta tarar da ni cikin gumi ta lallashe ni. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta ishe shi, ina kuma gaishe ki gaisuwar wanda ransa ya ɓaci. Yau duka biyun na ɗauko, sai ki gyara zama.

Na karanta abin da kika turo mini da safe, sabon babin da kika ce shi za ki saka ranar Laraba, ki rufe labarinki da shi, ki daina rubutu, kowa ya huta. A tsaye na karanta shi, kilifa na hannuna, wani bawan Allah na zaune a kujera da rabin kai a aske yana jirana. Masoyiyata, ban yarda ba. Ko da wasa ban yarda ba. In don ni kika rubuta shi, to na gode, amma ki karɓi kayanki, ba na so.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon nan? Kin rako Baba aski ne saboda ƙafarsa da ke damunsa. Kika zauna a ƙarshen benci kina ta danne-danne a wayarki mai tsagaggen gilashi, ko kallo ban ishe ki ba. Ina cikin gyara masa ƙeya, gashi na zuba a kan tawul, sai kika ɗago kai kika ce, "Malam, in da a can sama kake askin nan, inda babu abin da ke faɗowa ƙasa, ina gashin zai tafi?" Na ce cikin hancin kowa zai tafi, kuma mai askin ne zai fara atishawa. Kika yi dariya har wayar ta kusa suɓucewa. Baba ya harare mu ta madubi ya ce, "Ku dai ku bar mini kunnuwana a inda suke." Ranar nan na yi masa askin da ya fi kowane aski daɗewa a tarihin shagon, don kada ku tafi da wuri.

A nan na san abin da kike rubutawa a bayan kantar kantin magani, tsakanin mai ciwon kai da mai tari. Labarin Matuƙiya ne, da kumbonta da ake kira Tsohuwa don sai ta yi kaki ta yi gunaguni kafin ta tashi, da ɗan taron mutanen da ta kwasa suna ratsa duhun sama, suna neman duniyar da ke da ruwan sha. Kowace Laraba ki saki babi ɗaya a shafinki. A ƙarshensa kuma ki tambayi masu karatu: a bi ta dama ko ta hagu, a buɗe ƙofar nan ko a bar ta? Su jefa ƙuri'a, ki bi abin da suka zaɓa. Ni kuma na mai da shagona wurin karatu. Da yammar Laraba benci yakan cika, har da waɗanda kansu tal yake ba abin askewa, ina karantawa da ƙarfi, Tela maƙwabcina yana leƙowa da allura a baki yana cewa in maimaita.

Sai kika shigo da Mai Lambu cikin labarin, mutumin da ke kula da shuke-shuken cikin kumbo. Kika yi shi bahago. Kika sa masa tabo a girar dama. Kika ce ba ya iya aiki sai yana fito, kuma waƙa ɗaya tak ya iya, ita ma ba daidai ba. Ban kai ƙarshen layin ba Tela ya cire allurar daga bakinsa ya nuna ni da ita, shagon ya kaure da dariya. Kafin mako ya zagayo, duk mai karanta labarin nan ya san Mai Lambu wani mai aski ne da ke neman auren marubuciyar. Ban ji haushi ba. Wa zai ji haushi don an kai shi sama an ajiye shi kusa da taurari, shi da ko jirgi bai taɓa shiga ba?

To, ga mu a babin makon jiya. Sun sami duniyar mai ruwa. Mai Lambu ya sauka ya dasa irinsa, ya nemi Matuƙiya ta zauna tare da shi. Ana haka sai ga wata siririyar murya ta shigo na'ura daga can ƙuryar duhu: wani kumbon ne da ya ɓace, da mutane a ciki, iskarsu na ƙarewa, kuma duk wanda ya je ɗauko su ba lalle ya dawo ba. Masu karatu sun riga sun jefa ƙuri'a, kusan bakinsu ɗaya, ta zauna, a yi aure, a huta da wahala. Ke kuwa, a karon farko tun da kika fara, kika ƙi bin ƙuri'a. Matuƙiya ta tada Tsohuwa ta tafi, ko sallama ba ta yi masa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini zafi. Da na kai wurin ina karanta wa mutanen benci, sai na dakata, na yi kamar gashi ne ya shiga maƙogwarona. Kowa a shagon ya rasa inda zai sa idonsa, sai madubi suke kallo, madubin kuma ni yake nuna musu.

Daga nan ƙura ta tashi. Na bi sharhin da suka zuba a ƙarƙashin babin, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa. Wannan ya ce kin ci amanar masu karatu. Wancan ya ce da ma mace in ta sami sitiyari ba ta waiwaye. Wata ta ce ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba saboda tausayin Mai Lambu, kuma alhakinta na wuyanki. Shi kuwa wanda ya naɗa wa kansa Sarkin Sharhi, mutumin da bai taɓa rubuta layi ɗaya nasa ba amma ya san yadda ya kamata kowa ya yi nasa, ya ce labari madubin mai shi ne, don haka mai aski ya fara neman wata tun da wuri. Mutane suka yi ta danna masa alamar dariya. Masu zuwa aski suka koma yi mini sannu kamar an yi mini rasuwa. Wani direba ma har ya dafa kafaɗata ya ce in daure, haka suke.

Sai Yaya. Kin san Yayata, ba ta karanta labarin, amma labarin labarin ya isa kunnenta. Ta shigo shago ko gaisuwa babu, ta ce, "Ƙanena, an tsinka ka a bainar jama'a, kai kuma kana nan kana washe baki kana share gashin mutane." Ta ce ƙafarta ba za ta shiga maganar aurenmu ba sai kin gyara ɓarnar da kika yi. Daga baya na ji ta biyo ta kantinku, ta tsaya a gaban kantarki ta faɗa miki abin da ta faɗa, masu sayen magani na ji. Wannan ya fi duk sharhin yi mini ciwo. Na je gidanta na same ta tana shanya, na gaishe ta da ladabi, don ita ta goya ni, sannan na ce mata, "Yaya, wadda zan aura ke nan, da alƙalaminta da taurin kanta. In kin zo bikin, kin faranta mini. In ba ki zo ba, zan ajiye miki kujerarki." Ta watsa mini ruwan wanki a ƙafa.

Yanzu ga abin da kika rubuta don ki wanke ni. Matuƙiya ta juyo daga rabin hanya. Ta durƙusa a gaban Mai Lambu tana kuka tana neman gafara. An cire wa Tsohuwa injinta an mai da ita ɗakin ajiye iri. Mutanen da ke can cikin duhu iskarsu na ƙarewa kuwa, ko ambatonsu ba ki sake yi ba. Haba, farin watana! Wannan muryarki ce? Na san rubutunki kamar yadda na san takunki in kin shawo kwanar layinmu. Rubutunki yana da gudu, yana da tsalle, yana da tsokana. Wannan kuwa tafiya yake kamar wanda aka tasa a gaba da bulala. Kowace jimla a ciki tana kallon ƙasa.

Su wa suka naɗa su masu gadin mutuncina? Yaushe na ba su ajiyarsa? Sun karanta tafiyar, amma sun tsallake abin da ya zo kafin ta. Ni ban tsallake ba. Kin rubuta cewa kafin ta hau kumbon, Matuƙiya ta laɓe a bayan bangon gilashin lambu, yana ciki yana ban ruwa yana fito, bai san tana nan ba. Ta tsaya ta saurari waƙar nan tasa marar daɗi tun daga farko har ƙarshe, ta haddace har wurin da yake kuskurewa, sannan ta juya, don ta san in ya ɗago ido ya kalle ta ba za ta iya tafiya ba. Wace mace ce ta taɓa tsayawa ta saurari fitona har ƙarshe? Mahaifiyata ma, da duk son da take mini, cewa take in rufe mata baki. Su sun ga wulaƙanci. Ni kuwa ban taɓa jin an faɗa mini ana sona da irin wannan ƙarfin ba.

Kuma ki faɗa mini, in ta zauna, wace irin mace Mai Lambu zai samu? Wadda za ta riƙa jin muryar mutanen nan a kunnenta duk sanda ta ɗebi ruwa? Wadda za ta riƙa ɗaga kai sama tana saukewa da sauri kada ya gani? Ni ma abin da kike shirin ba ni ke nan. Kina so ki zo gidana da ragi, ki bar rabinki a ƙarƙashin sharhin Sarkin Sharhi, in riƙa ganinki kowace Laraba kina juya waya a hannu ba ki da abin yi da ita, ki ce mini ba komai. Ba zan iya ba. Tsuntsuwar da na gani a kan reshe nake so, ba wadda aka fige aka miƙo mini ba. Ki zo gaba ɗayanki, da duk duniyoyin da ke cikin kanki, ko da a ɗaki ɗaya za mu cusa su.

Masu karatu kuwa, ki bar su su yi fushi. Fushin nan nasu so ne ya sa hula a karkace. Wanda ya rantse ya daina karantawa, shi ne zai fara leƙa shafinki ranar Laraba tun bai wanke fuska ba. Tela ya yi kwana uku ba ya yi mini maganar labarin, jiya sai ga shi ya leƙo, yana ta kame-kame, wai shin man Tsohuwa zai kai ta wurin mutanen nan kuwa. Kin ba su hanya sun zaɓa sau da yawa, kin kyauta. Amma ke kika san nauyin kumbon nan, ke kika san inda yake yoyo. A wannan karon sun zaɓi abin da zai kwantar musu da hankali, ke kuma kika zaɓi abin da Matuƙiya za ta yi da gaske.

Saboda haka ga roƙona, ya sanyin idona, kuma ga alkawarina. Ki goge babin nan na ƙarya. Ki koma bayan kantarki, ki ɗauki wayarki, ki bi Matuƙiya cikin duhun da ta shiga. Duk abin da kika rubuta, ni zan karanta shi da bakina, a tsakiyar shago, ƙofa a buɗe, da muryar da za a ji har tsallaken titi. Wanda ya zo yi mini sannu, zan ba shi wuri a benci. Wanda ya yi dariya, zan aske shi da kyau in sallame shi.

Kada ki tausaya wa Mai Lambu don yana da fuskata. In labarin ya ce ta dawo, ta dawo don ta gama aikinta, kanta a ɗage. In labarin ya ce ya tsufa yana kallon sama, ki sa masa furfura. In kuma ya ce sai ya mutu bai sake ganinta ba, ki kashe shi, kada ki ja da baya. Na cikin labari ne zai mutu. Na gasken yana nan da ransa, bai je ko'ina ba, kuma gobe in kin rufe kanti za ki same shi a bakin ƙofa yana jiran ya raka ki gida.

Naki ne ni, yau da gobe da duk abin da ya biyo bayansu, ko duniya ta yarda ko ta ƙi,

Mai askinki.