Zif Ya Rufe

Yaya Saudatu, na wuce bikin Hafiza a Mabai, ban so in tashe ki ba.

Zif ɗin rigar anko ya rufe! Har sama! Sai da na taka rawa ni kaɗai a ɗaki.

Ashe malamar asibiti ta yi gaskiya. Ƙin karyawar da muke yi shi ke tado sinadarin yunwa a jiki, da yamma mu afka wa tuwo malmala uku. Tunda na koma wake da zogale da safe, cikina ya bar ƙugi.

Kwaɗonki yana cikin kwano, ban sa mai ba. Don Allah ki ci.

Cincin ɗin da zan dawo da shi kuwa, ki ƙwace tun daga zaure, ko da na yi maki kuka.

Zulfa