Abin da Na Gani a Ɗakin Guga

Ranar Litinin

Zuwa ga Maman 'yan mata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya fara sauka kuwa? Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta yana mata addu'a. 'Yan mata duk suna lafiya. Auta ta ƙona mana tukunya sau biyu tun tafiyarki, amma muna nan da rai.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali jiya muka yi waya. Akwai maganar da bakina ya ƙi faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna matar nan da ke mana guga a ɗakin wanki na kulob ɗinmu na ƙwallo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku? Ita ce bara ta kai ɗan wasanmu Lamba Tara wajen 'yan sanda, ta ce ya kulle ta a ɗakin guga ya nemi ya keta mata haddi, har dutsen guga ya ƙona mata hannu. 'Yan sanda suka ce babu shaida, suka rufe maganar, ita kuma ta bar aiki. To ta dawo. Wannan karon ta samu wata lauya, sun shigar da ƙara a kotu suna neman diyya. Shekaranjiya ina sito ina jera safa sai ga ma'aikacin kotu da sammaci. Sunana yana cikin shaidu.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. In yaron nan ya aikata, gidan yari ne wurinsa. In bai aikata ba, a ƙyale shi ya buga ƙwallonsa. Amma a ce mutuncin mace a yi masa farashi kamar takalmi? Koci ya ce haka ake yi wa duk ɗan wasan da ya yi suna, da zarar ya sayi mota sai masu ƙara su biyo shi. Magoya baya kuwa sun rubuta mata zagi a jikin katangar fili, irin wanda ba zan iya sa miki a takarda ba.

Kin kuma san yadda nake da yaron. Yana ɗan shekara sha huɗu ya zo mana da takalmin aro, ni na cusa masa jarida a ciki don ya zauna a ƙafarsa. Har yau in ya ci ƙwallo, wajen bencina yake fara rugowa. Da Inna ta faɗi, shi ya ɗauko likitan kulob a motarsa.

Na faɗa wa 'yan sanda bara cewa ina sito, ban ga komai ba. Abin da zan maimaita ke nan. Sai dai tun da takardar nan ta zo na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na ba gola rigar ɗan baya, yara suna ta mini dariya wai Baba Sito ya fara tsufa.

Ki kula da kanki.

Naki,
Baban 'yan mata

Ranar Juma'a

Zuwa ga Maman 'yan mata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na ji daɗi da Inna ta fara takawa zuwa ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi. Ya hidima, ya gajiyar jinya?

Layi ɗaya kika rubuta a ƙasa, shi ya hana ni sakat. Kin ce, in ba ka ga komai ba, me ya hana ka cin abinci sati guda a lokacin? Ashe kina lura. To bari in faɗa miki, ke kaɗai.

Ranar da abin ya faru an ci mu biyu da nema a gida. Da la'asar kowa ya watse, na kulle sito, har na kai bakin get na tuna na bar tabarauna. Da na dawo sai na ga ƙofar ɗakin guga a rufe, ƙofar da ba a taɓa rufewa saboda zafi. Na ji muryar matar nan a ciki tana cewa, "Ka ji tsoron Allah, ni sa'ar yayarka ce." Sai na ji teburin ya ja, wani abu mai nauyi ya faɗi, ta yi ƙara.

Na ɗaga hannu zan buga ƙofar, ban buga ba. Wallahi hannuna yana sama, na kasa. Tari na yi. Tari kawai, kamar mai son wucewa.

Ƙofa ta buɗe, yaron ya fito yana gyara wuyan riga. Ya ce, "Baba, rigata ce ban gani ba." Ya wuce. Ita tana bayan tebur, mayafinta a ƙasa, fatar hannunta tun daga wuyan hannu har kusan gwiwa ta saɓule. Na kawo ruwan sanyi da man ƙuna daga akwatin likita. Ban tambaye ta komai ba.

Washegari manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce kyamarar lungun ta lalace tun sati biyu. Ya ce ana cinikin yaron da wani babban kulob, kuma saura mini shekara biyu in yi ritaya da cikakken haƙƙina. Bai ce in yi ƙarya ba. Ni da kaina na yi ta.

Jiya na je ofishin lauyar matar, wani ɗan ɗaki a saman shagon tela, fanka sai ƙugi take. Yarinya ce ba ta fi babbar 'yarmu da yawa ba. Na ce mata, 'yata, in har gaskiya ce me ya sa kuɗi kuke nema, ba ɗauri ba? Ta ce, "Baba, ɗauri a hannun hukuma yake. Waccan ƙarar ta 'yan sanda ba ta matar ba ce, masu ita sun ga dama sun rufe. Wannan tata ce, babu mai rufe ta sai ita. A can sai an kawar da duk wani kokwanto, a nan kuwa alƙali zai duba maganar wa ta fi nauyi." Na ce amma ba zai kwana ko ɗaya a tsare ba. Ta ce, "Ko ɗaya. Sai dai zai zauna gaban jama'a ya yi rantsuwa ya amsa tambaya. Kuɗin kuma ba mu muka zaɓa ba, kotun nan ba ta da wani abu da take bayarwa sai shi."

Na fito ina jin ta yi gaskiya. Kafin in kai tasha kuma sai na tuna golanmu na da, wanda aka yi wa sharri shekarun baya. Wata ƙara aka shigar, jaridu suka ɗauka, kulob ya sallame shi. Da alƙali ya wanke shi, babu wanda ya buga labarin. Yanzu taya yake faci. Wannan ma da idona na gani. Hanyar da mai gaskiya ke bi ita maƙaryaci ke bi, ƙofa ɗaya suke shiga.

Amma wannan matar ba ƙarya take ba, kuma duk duniya ni kaɗai ne na uku da ya sani.

Ki faɗa mini abin da kika gani. Kar ki ji tausayina.

Mijinki

Ranar Laraba

Zuwa ga Maman 'yan mata,

Assalamu alaikum, ya jikin Inna, ya ƙoƙari? A gurguje nake rubutu, direba yana jira yana mini hon.

Na karanta amsarki a tsaye. Kin ce 'ya'ya mata uku gare mu, kuma kowacce wata rana za ta yi aiki a ƙarƙashin wani. Kin ce ritaya ba ta ciyar da wanda abinci ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Ba ki ji tausayina ba ɗin kuwa. Na gode.

Ɗazu bayan an tashi daga atisaye, yaron ya shigo sito, ya zauna a kan buhun ƙwallaye kamar yadda yake yi yana ƙarami. Ya rame. Ya ce matarsa ta koma gida, kamfanin da yake wa talla ya janye, wancan kulob ɗin ma ya yi shiru. Ya ce, "Baba, ko ba a yanke hukunci ba an riga an hukunta ni. Ni fa ɗanka ne." Na ce masa, da kai ɗana ne na cikina, da ranar nan na ɓalla ƙofar na mare ka. Ban yi ba, shi ya sa muke nan. Ya tashi ya fita. Ban sani ba ko kunya ce ko fushi.

Litinin ne zaman kotu. Na kai babbar rigata wajen mai wanki. Ina ta maimaita maganar a raina, a bas, a banɗaki, har Auta ta tambaye ni da wa nake hira. Zan faɗi komai, har da tarin.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baban 'yan mata

Ranar Alhamis

Zuwa ga Maman 'yan mata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, ke da Inna da mutanen gida. Ki yi haƙuri da ƙin ɗaukar wayarki kwana uku. Ban san ta inda zan fara ba ne.

Ban ba da shaida ba.

Kar ki yi saurin fushi, ba janyewa na yi ba. Ranar Litinin tun ƙarfe takwas ina kan benci a barandar kotu. Lauyoyin yaron su huɗu suka wuce ni, babbansu ya tsaya ya ce, "Baba, ka zo ke nan?" Na ce na zo. Ya ce, "Maganar bara ce?" Na ce a'a, ta bana ce. Ya juya ya yi waya. Daga nan suka shige wani ɗaki da lauyar matar, ba su fito ba sai bayan azahar. Wai an yi sulhu. Zai biya, ba tare da ya amsa laifi ba. Ita kuma ta sa hannu ba za ta sake ambatar maganar ba har ta mutu, ko ga 'ya'yanta. Alƙali bai yi minti biyar ba ya tashi. Yaron ko kujerar shaida bai taɓa ba, ta ƙofar baya ya fita.

Na tsaya a baranda da maganar da na kwana biyar ina haɗawa, babu wanda zan faɗa wa. Sai ga matar ta fito. Hannun ya ƙanƙance, yatsu biyu ba sa miƙewa. Na gaishe ta, ta amsa. Ban san me fuskata ta nuna ba, sai ta ce, "Kar ka dube ni haka, Baba. Hannun nan ba ya riƙe dutsen guga, yara kuma ba sa cin gaskiya. Da ka yi magana bara, da yau ban sayar da bakina ba." Ba da faɗa ta ce ba, da ma faɗan ta yi.

Lauyar ta ce zuwana ne ya sa suka sauko, da ba su ba da ko sisi ba. Tana nufin ta sanyaya mini rai, amma sai ya ƙara tashi. Ke nan shaidata aka saya, ba a ma ji ta ba. A bakin get magoya baya suna ta murna wai an wanke shi. Wasu kuma suna cewa tun da ya biya ai ya yi. Kowa ya tafi gida da abin da ya zo da shi.

Har yanzu ban san ko wannan hanya daidai ce ba. Ta samu abin da za ta riƙe 'ya'yanta, kuma in ba ta nan ba babu inda za ta samu. Amma ɗakin guga yana nan, an ɗauki wata sabuwar mata, kuma ƙofar har yau tana da sakata ta ciki.

Na tambayi lauyar ko takardar shirun ta hau kaina. Ta ce a'a, wanda ya sa hannu kawai ta ɗaure. Na tambayi matar ko zan cuce ta in na yi magana. Ta ce, "An hana ni cewa e, an hana ni cewa a'a." Ta gyara mayafi ta tafi.

Talata da safe na fara zuwa ofishin manaja na faɗa masa inda za ni, don kar ya ji a bakin wani. Ya miƙo hannu, na sa masa makullan sito. Bai ba ni kujera ba wannan karon.

A ofishin 'yan sanda na yi awa uku a benci. Wani sajan ya rubuta duk abin da na faɗa, shafi biyu da rabi, ya karanta mini, na sa hannu. Ya ce ƙila a buɗe fayil ɗin, ƙila kuma ni za a tuhuma da ƙaryar bara, tun da mai ƙarar ba za ta yi magana ba. Na ce na ji. Ya sa takardar a aljihun tebur ya rufe. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya rage murya, ya ce don Allah Lamba Tara zai buga ranar Asabar, don ya ji ana cewa gwiwarsa ta samu matsala? Na ce ban sani ba, na bar aiki a can.

Ban faɗa wa 'yan mata ba tukuna. Ina so muna tare in zan faɗa, don ke kin fi ni sanin yadda ake fara irin wannan magana. Ki ce wa Inna ina nan tafe jibi da motar farko. Rabona da in ga Asabar ba a bakin fili ba tun kafin a haifi babbar 'yarmu, ban ma san abin da mutane ke yi da ita ba. Ki tanadar mini aiki, ko ɗiban ruwa ne, don ba zan iya zama ba.

Sai na zo.

Mijinki,
Baban 'yan mata