Kujera a Tsakiyar Hanyar Liku

Alofi, Niue
Litinin

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin ya yi sauƙi. Yaya ƙafar? A gaida mutanen gida.

Na iso lafiya. Na yi hayar wata ƙaramar mota fara, mai ita ya ce in bar makulli a ciki kullum, wa zai sace ta, ya kai ta ina a tsibirin nan?

Mama, hanyar nan da ta zagaye tsibirin tana nan yadda muka bar ta shekara talatin da suka wuce, ramukan ma kamar sun gane ni. Mutane ne babu. Gidan su Pita maƙwabtanmu daji ya cinye shi. Wurin da Baba ke tsayar da babbar mota ya saro mana kwakwa, na tsaya nan na yi kuka.

Amma ban isar da saƙonki ba tukuna. Kin ce in roƙi Gwaggo Lagi ta ba ki wurin da za a binne ki kusa da kabarin Baba, tunda ƙasar a hannunta take, ku kuma ba kwa magana tun ranar da kika kwashe mu zuwa Auckland. Sau uku na wuce ƙofar gidanta a Liku. Kin san nan ba a wuce mutum ba a ɗaga masa hannu ba, sai in ɗaga mata kamar baƙo ɗan yawon buɗe ido, in taka mota. Tsoro nake ji ta ce a'a.

Ɗanki,
Togia

Laraba

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

Yau na sake zagayowa, sai ga Gwaggo a kan kujera a tsakiyar hanya, ba ta inda zan bi. Ta ce, "Kai Togia, man motar mutane za ka ƙarar? Dukan Liku sun san kai ne, da kunnuwan ubanka. Fito!"

Sai da ta cika ni da gwaza da kifi kafin ta bar ni na buɗe baki. Ban kai ƙarshe ba ta ja ni bayan gida. Kabarin Baba fes. A gefensa kuma, ta wajen teku, ga fili a share, ko ciyawa ɗaya babu. Ta ce duk Asabar take share shi, kuma gefen iska ta bar miki don ba kya jure zafi.

Ta ƙara da cewa, "Amma gaya wa mai taurin kan nan, ba na karɓar ta a akwatin gawa. Ta zo da ƙafarta mu ƙarasa faɗanmu."

Mama, akwai jirgi ranar Juma'a ta sama. Na ce wa mai motar ya ajiye mana ita, ba ta da tsayi, ƙafarki ba za ta sha wuyar hawa ba.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Togia