Madarar Waken Suya ta Inna

Kusada, 12 ga Rajab

Zuwa ga Malam, Abban Ulfa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ulfa da mutanen Kankia. Kada ka yi mini dariya don na koma takarda. Muryar ce ta dushe, in na kira ka tambayar me na ce kake yi har kati ya ƙare.

Jiki da godiya, amma kai ba zan ɓoye maka ba. Shekara huɗu ƙwayar tayirod ɗin nan, ta ciwon maƙogwarona, tana riƙe da ni, yanzu kamar tsakuwa nake haɗiya. Mutane na fifita, ni ina cikin bargo. Gashina yana bin mataji. Barci kuwa, ko kasa ta shafa mini lafiya. Ka kawo ni gidan Inna in huta, ga wata biyu, kullum gara jiya da yau.

Inna na bakin ƙoƙarinta. Kowace safiya kafin ta haɗa awarar sayarwa sai ta ɗebo mini madarar waken suya mai zafi, in kora maganin da ita. Wai ba a shan magani ciki wayam.

Yaya 'yan ajina na Islamiyya? Ashirin ga Sha'aban ce saukarsu. Ni na fara da su tun daga Fatiha, ni nake so in biya musu allon sauka. Ina kewarsu, ina kewarka, har surutun Ulfa nake kewa.

Taka,
Rauda

Kusada, 29 ga Rajab

Malam,

Sallama da gaisuwa, da fatan tarin Ulfa ya lafa. Na koma asibiti karɓar sakamakon jini. Likita ya duba ya girgiza kai, ya tambaye ni da me nake shan maganin. Ashe waken suya tare shi yake yi a ciki, ya hana shi shiga jini. Ruwa zalla ake sha da shi, a jira awa guda kafin a ci komai. Ya ce ba madarar kaɗai ba ce, tunda gajiyar da ita na taho, don haka ya ƙara mini ƙarfin ƙwayar. Sai bayan mako shida za a ga alama. Malam, mako uku ya rage a yi sauka.

Na kasa faɗa wa Inna. Da wane baki? Kwana huɗu ke nan ina juye wa akuyarta madarar a bayan ɗaki. Akuya har ta fara sheƙi, Inna kuwa cewa take madara ta karɓe ni.

Taka,
Rauda

Kusada, 16 ga Sha'aban

Malam,

Ina gaishe ka, Allah Ya sa kun tashi lafiya. Asirina ya tonu, Inna ta iske ni da kofi a bakin akuya. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Washegari ta kawo mini ruwa, ta zauna gefena har awar ta cika. Tun ranar ita ma ba ta karyawa sai na karya.

Sanyin ya ɗan ragu, muryar dai shiru. Jiya na gwada ɗaga Fatiha, ban kai aya ta uku ba ta sarƙe. Na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka ce wa Malama Kubura, abokiyar aikina, ta biya musu allon, ta iya. Amma duk da haka ka zo ka ɗauke ni. Ka sa a shimfiɗa mini tabarma can baya, inda zan ji su. Kada ka gaya wa yaran ina nan sai an gama. Na san halinsu, in suka gan ni shiru za su yi, suna jira in fara.

A shafa mini kan Ulfa. Allah Ya sada mu da alheri.

Matarka,
Rauda